Masu zane sun koma ga baba, yumɓu da buhu: yaya aikin zai daɗe, yaya za a baje shi?

Malamin Zane: Assalamu alaikum 'yan uwa. Matasan masu zane da dama yanzu suna ajiye fentin mai da kanbas, suna komawa ga baba, jan ƙasa, yumɓu, fata, buhu, har da marafan kwalba. Wasu tsadar kayan waje ce ta koro su, wasu sabuwar hanya suke nema. Abin ba yau ya fara ba. Tun 1958 ɗaliban kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya a kan cewa a gauraya abin da Bature ke koyarwa da abin da aka gada a gida. Damuwata ita ce aikin yaran nan kan yi kyau ranar da aka gama shi, bayan wata shida sai launi ya koɗe, ko ya tsattsage, ko fumfuna ta hau shi. Don Allah masu sana'a su faɗa mana inda ake kuskure.

Ɗan Karofi: Wa alaikumus salam Malam. Bari in fara da namu. Baba ba fenti ba ne, kuma nan ne mafi yawansu ke faɗuwa. Sai mutum ya sayi garin shuni, ya dama da ruwa, ya shafa da burushi. Shuni ba ya narkewa a ruwa haka kawai, don haka zama yake yi a saman zare, da an goga hannu sai ya biyo. A karofi, kamar na Ƙofar Mata a Kano, baba ake zubawa da toka da katsi, wato abin da ya kwanta a gindin tsohon ruwan rini, a rami, a bar shi kwanaki yana ruɓa, ana motsawa da muciya. Ruɓar nan ce ke cinye iskar da ke cikin ruwan, tokar kuma ta ba shi kaifi, sai shunin ya narke ya iya shiga cikin zare. Alamar ya nuna: kumfa shuɗiya a sama da wani sheƙi kamar na jan ƙarfe, ruwan ƙasa kuma kore mai ɗan rawaya. Yadi kore yake fitowa, iska ce ke mai da shi shuɗi a idonka. In ka tsoma ya fito shuɗi tun daga ciki, ruwan bai nuna ba ko ya mutu.

Ɗalibar Fasaha: Baba, wanda ba shi da rami fa? A ɗakin aiki bokiti kawai ake da shi.

Ɗan Karofi: Bokiti ma yana yi, 'yata. Ga lita 10 na ruwa mai zafi sosai amma bai tafasa ba: garin shuni giram 25, garin laim na gini, ba lemun tsami ba, wanda aka riga aka kashe da ruwa giram 50, sukarin 'ya'yan itace giram 75. Wato ɗaya, biyu, uku. A fara dama shunin da ɗan ruwa har ya zama kamar kunu babu gudaji, a zuba, sai sukarin, laim ya zo ƙarshe. A juya a hankali kada a kaɗa iska ciki, a rufe, a bar shi ya kwana. Sukarin shayi ba ya wannan aikin, kada a ɓata kuɗi. In babu na 'ya'yan itace, a dafa dabino ko ayaba da ta nuna lugub, a tace ruwan a yi amfani da shi, sai dai sai an gwada an ga yawan da ya isa.

Akwai kuma hanyar sinadarin haidros da soda mai ƙuna da masu rinin kasuwa ke yi. Cikin rabin awa ta nuna, amma tana cin hannu, warinta na taɓa ƙirji, tana kuma raunana siliki da ulu. Wanda zai yi ta ya sa safar hannu ta roba, ya yi a fili, kuma sodar ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda.

Duhun launi kuwa ba daga ƙarfin ruwa yake zuwa ba, daga yawan tsomawa ne. Tsoma minti biyu zuwa biyar, a fitar a baza ya sha iska minti goma sha biyar, a sake. Sau uku shuɗi mai haske, sau goma ko fiye ya doshi baƙi. Mai gaggawa da ya cika shuni don ya gama a tsomi ɗaya, nasa ne ke zuba.

Ɗalibar Fasaha: Na gode Baba. To me ke sa yadi ya fito dabbare-dabbare ko da ruwan ya nuna?

Ɗan Karofi: Abu uku. Sitacin kamfani da ke jikin sabon yadi: a dafa shi awa guda da sabulu da ɗan sodar wanki, a ɗauraye. Na biyu, tsoma yadi a bushe: a jiƙa shi tukuna a matse. Na uku, yadin ba auduga zalla ba ne. A yanki ƙyalle a ƙona: auduga toka take zama da warin takarda, mai roba kuwa narkewa yake ya dunƙule. Mai roba ba ya karɓar baba yadda ya kamata.

Maginiyar Tukwane: Sannunku da ƙoƙari. Tun da Malam ya kawo tarihi, a ɓangarenmu babu misalin da ya kai Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a farkon shekarun 1950, ita kuma ta shiga a 1954, mace ta farko. Ba ta bar ginin hannu irin na Gbagyi ba, da zanen ƙadangare da kunama da kifi da take tsagawa a jikin tulu. Abin da ya canza shi ne yumɓun da wutar. Gashin gargajiya a fili da itace da ciyawa yana tsayawa wajen digiri 600 zuwa 800. A cibiyar kuwa tanderu ake kai wa sama da digiri 1200, a shafa ruwan ƙyalli, a cusa farin yumɓu a cikin tsagar zanen don ya fito ta ƙarƙashin ƙyallin. An baje aikinta a Landan tun 1958, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984.

Amma a lura da abin da ya faru da tulun. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta na tsattsafo, iska na busar da shi. Da aka gasa da babbar wuta aka rufe da ƙyalli, tsattsafo ya tsaya, nauyi ya ƙaru. Ya tashi daga abin ɗiban ruwa ya koma abin kallo.

Mai Nazari: Hajiya, a nan ne nake da ja. In tulu ya daina aikin tulu, mai saye kuma ya koma Bature da mai kuɗi, ci gaba za a kira shi ko an raba sana'a da masu ita? Matan ƙauyen da suka koya mata ba su shiga wannan kasuwar ba.

Maginiyar Tukwane: Maganarka tana da ƙamshin gaskiya Malam, ba na musu. Sai dai ni ban ɗauki ɗaya a matsayin magajin ɗaya ba. Randa na nan ana gina ta ana saye har gobe. Abin da nake so matasa su gane shi ne duk wanda ya canza wuta ya canza komai, dole ya san abin da ya samu da abin da ya bari. Kuskuren da ake yawan yi: a ɗebo jan yumɓun bakin rafi a sa a tanderun lantarki a kai shi digiri 1250 don an ji haka ake yi. Yawancin jan yumɓunmu yana da ƙarfe da yawa, da ya wuce wajen 1100 sai ya fara kumbura ko ya narke ya manne da kantar tanderu. Kafin a gina babban aiki, a yi 'yan sanduna, a ja layin santimita 10 a kan kowanne, a gasa su a wuta daban-daban, a auna. Raguwar santimita ɗaya ko ɗaya da ɗan abu ba laifi ba ne. In sandar ta lanƙwashe ko ta yi ƙuraje, wutar ta yi mata yawa.

Ga babban gini mai kauri, a daka tsingaro a tankaɗe a haɗa, kamar kashi ɗaya cikin biyar na yumɓun. Yana rage tsagewa. Da hunturu kada a bar aiki a fili, baki ke riga gindi bushewa sai ya tsage, a lulluɓe da leda a riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan na mako biyu. A wuta kuma wuri biyu ake tafiya a hankali: daga farko zuwa digiri 200, lokacin da sauran ruwa ke fita, nan tukunya ke fashewa, da wajen 573, inda yashin da ke cikin yumɓu ke buɗewa farat ɗaya. Wajen hucewa ma haka, kada a buɗe ƙofa don ɗoki.

Ɗan Magina: Allah ya saka Hajiya. Ni abin da ke damuna shi ne masu son ɗauko zanen bango irin na Zariya da Kano da unguwar Birni ta Damagaram su kai ɗakin baje koli. Sai a shafa laka a kan falankin katako a zana dagi, kwana kaɗan ta ɓamɓare. Laka ba ta kama katako mai santsi, kuma katako na motsi da laima, laka ba ta bin sa. In dole sai an yi, a ɗaure ragar waya a jikin firam, a cusa laka mai ciyawa ta ratsa ragar, a yi shafe biyu ko uku sirara, kowanne ya sha iska kafin na gaba. A kuma yi lissafin nauyi: faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, kaurin santimita 3, lita 30 ke nan, wajen kilo 50. Ƙusa biyu ba za su riƙe wannan ba.

Kuma kada a rufe da siminti don a ƙarfafa. Siminti na tsare damshi a ciki, lakar ta ruɓe a baya, wata rana ya faɗo gaba ɗaya. Magabata makuba suke shafawa, daga ɓawon ɗorawa, ko laso. Shi laso ai daga wajen su Ɗan Karofi yake fitowa: katsi ne da gashin awaki daga majema da ruwan dafara.

Ɗan Karofi: Haka ne Malam. Marina da majema da magina a da hannu ɗaya suke ci. Yau in karofi ya mutu, laso ma ya tafi.

Ɗan Magina: Shi ya sa ni a ganina zanen bango a bar shi a bango. A nemi izinin mai gida da mai unguwa, a gyara soro ko zaure, a kira mutane su zo nan. Wanda ya ga bakan gizon da ke riƙe da rufin masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830 ya san wannan fasahar ba ta shiga firam.

Malamin Zane: Bari in ƙara na launin ƙasa, don shi ne ya fi sauƙi kuma shi aka fi ɓatawa. A jiƙa jan ƙasa ko rawaya a bokiti, a dama, a jira minti ɗaya yashi ya kwanta, a tsiyaye ruwan saman zuwa wani bokitin, a bar shi ya kwana. Abin da ya kwanta a na biyun shi ne launi. A shanya, a niƙa. Sai abin ɗaure shi. Ƙaro shi ne namu, da shi alarammomi ke haɗa tawada da launin zayyanar allo: awo ɗaya na ƙaro, awo biyu na ruwan ɗumi, ya kwana, a tace, a ɗiga zuma kaɗan don kada ya tsage, da ɗigon man kanumfari don kada ya yi tsami. Wannan na takarda ne da allo, ruwa na wanke shi. In ana son na mai, man da ke bushewa ake nema, irin na zane da ake sayarwa. Man gyaɗa ba ya bushewa, shekara zai yi yana danƙo yana kama ƙura.

Kanbas kuma sai an yi masa shimfiɗa kafin mai ya taɓa shi, in ba haka ba man zai ci zaren. Dabarar ɗalibai ta haɗa farin fentin gida da gam irin Top Bond tana yi, amma shafe uku sirara, ba ɗaya mai kauri ba, don mai kaurin ke karyewa in an naɗe.

Ba ina hana gwaji ba ne. Onobrakpeya ya samo dabararsa ta bugun zane mai zurfi a 1967 bayan asid ya lalata masa farantin ƙarfe, ya cike ramukan da gam mai tauri. Marigayi Gani Odutokun a Zariya ya riƙa tsinka fenti yana kwarara shi a kan kanbas. Amma dukansu sun maimaita abin har suka mallake shi.

Mai Jera Kaya: Duk abin da kuka faɗa ana iya yinsa daidai, ɗakin nuni ya kashe shi cikin mako uku. Haske ne na farko. Yadi da takarda da fata mai rini ba sa son fiye da luks 50 a ma'aunin ƙarfin haske, fentin mai na ɗaukar 150 zuwa 200. Hasken rana ta taga dubbai ne. Manhajar awon haske ta waya ba ta cika daidai ba, amma ta isa ta nuna maka bangon da ba za ka rataya yadi ba. A sa ƙwan LED, a rufe taga da labule. Koɗewa ba ta komawa, abin da ya tafi ya tafi.

Na biyu laimar iska. Gidajen tarihi suna neman kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Mu kuwa da hunturu tana sauka ƙasa da 20, a watan Agusta ta haura 70, inda fumfuna ke fara tsiro. Ba kowa ke da na'urar daidaitawa ba, ga matsalar wuta. Abin da ya fi ɓarna shi ne kunna na'urar sanyaya ɗaki da rana a kashe da dare, aiki na miƙewa yana tsukewa kullum, nan fata ke murɗewa, ƙwarya ta tsage. Gara a bar ɗakin a yanayi ɗaya da fanka. A bar tazarar santimita biyu zuwa uku tsakanin aiki da bango, kada a jingina da bangon da ruwan sama ke duka.

Rataya yadi: ban da ƙusar ƙarfe, tsatsa take bari kuma nauyi na taruwa wuri ɗaya ya yage. A ɗinka Velcro, wato maɗaurin nan mai ɓari biyu da ke kama juna, a kan ƙyallen auduga, a ɗinka ƙyallen da hannu a bayan aikin daga gefe zuwa gefe, ɗaya ɓarin a manna a katako. Ko a yi aljihu a zura sanda. Tsakiyar aiki ya zauna wajen santimita 150 daga ƙasa.

Mai Nazari: To ai wasu manyan ma sun daina ƙayyade yadda za a rataya. El Anatsui, ɗan Gana da ya koyar a jami'ar Nsukka tun 1975, marafan kwalba yake sa a daddaƙe a ɗinke da wayar jan ƙarfe su zama kamar babban mayafi. Yana bar wa masu jerawa su lanƙwasa yadda wurin ya ba su, don haka aiki ɗaya ba ya fitowa iri ɗaya sau biyu. Ya cika babban zauren gidan nunin Tate Modern a Landan a 2023.

Mai Jera Kaya: Gaskiya ne, amma kada yara su ɗauka sakaci ne. Aikin an yi shi gunduwa-gunduwa, yana naɗuwa ya shiga akwati, kuma nauyinsa a rarrabe yake a wurare da yawa. Wanda zai kwaikwayi wannan ya tuna ƙofa: a auna ƙofar ɗakin nuni da bayan motar da za ta ɗauka kafin a fara aiki. Kowane aiki kuma ya tafi da takarda ɗaya mai hoton gaba da baya, nauyi, wuraren ratayawa, da abin da ba a so ya taɓa shi.

Ɗan Zangon Tamale: Gaisuwa daga Gana. A nan muna da Ibrahim Mahama. Buhunan koko yake tarawa, waɗanda suka gama da koko suka koma ɗaukar hatsi da gawayi, a ɗinke su a lulluɓe gini. Ya yi haka a Benis ta Italiya a 2015. Abin da ya fi burge ni shi ne bai tsaya a Turai ba, ya buɗe cibiyar fasaha a Tamale a 2019, ya kuma jawo tsofaffin jiragen sama zuwa filin aikinsa yara 'yan makaranta na shiga ciki suna karatu. Wanda bai taɓa taka gidan nuni ba ya ga aikin a garinsu.

Ga mai son aiki da tsohon buhu ko fata ko ƙaho: suna zuwa da ƙwari da ƙwansu, su kuma bazu zuwa aikin wasu. A kakkaɓe, a tabbatar ya bushe, a ɗaure cikin leda ba iska, a sa a firiza mai kai digiri 20 ƙasa da sifili na mako guda, a fitar a bar shi a ledar kwana ɗaya kafin a buɗe. Buhu kuma yana kama wuta da sauri, a nisanta shi da ƙwai mai zafi da wayar lantarki. In a waje za a rataya, ruwan sama na ninka nauyinsa, iska kuma na ɗaukarsa kamar tanti, sai da igiya mai ƙarfi a kowace mita.

Ɗan Karofi: Akwai kuma Aboubakar Fofana na Mali da ke rini da baba zalla ta hanyar ruɓa, har ya kai tumaki rinannu baje kolin documenta a Atina ta Girka a 2017. Shi marini ne da kansa. Tambayata ga Malam: in mai zane ya kawo yadi karofi, marini ya ƙulla ya tsoma sau goma sha biyu, mabugi ya buge, sunan wa za a rubuta a bango?

Malamin Zane: Tunanin na mai zane ne Baba, shi ya sa ake sa sunansa a sama.

Maginiyar Tukwane: A sama, na yarda. Amma ba shi kaɗai ba. Takardar bango tana da wurin suna, shekara, kayan aiki da girma, layi ɗaya ba zai gagare ta ba: rini, wane, karofin kaza. A kuma yi maganar kuɗi tun kafin a tsoma, ladan aiki ne ko kaso in an sayar, a rubuta.

Mai Nazari: Ina tare da Hajiya. Kuma a rubuta takardar da Hausa ma, in a Kano ko Zariya ko Maraɗi ake nunin.

Ɗalibar Fasaha: Tambaya ta ƙarshe Baba. In turkuɗi ne irin na Kura, wanda dama zuba yake yi, a wanke shi kafin a rataya?

Ɗan Karofi: A'a 'yata, kada ruwa ya taɓa shi. Sheƙin nan garin shuni ne da aka buge a kansa, shi Buzaye ke saye, in kin wanke kin zubar da kuɗin. A ɗauke shi da safar hannu, a sa takarda mara launi a bayansa don kada ya ɓata bango, a ja igiya mita ɗaya a gabansa saboda masu fararen kaya. In za a ajiye, a naɗe shi a kan bututu mai faɗi da takarda a tsakani, kada a ninke, don wurin ninki ne sheƙin ke fara karyewa.